An Zo Tambayar Farfesa

Mai aski ya kashe injin alhali rabin kan Farfesa kawai ya taɓa. Ya leƙa ƙofar shago, ya dawo, ya sunkuyo daidai kunnensa.

"Ranka ya daɗe, jiya fa an zo ana tambayarka."

Farfesa ya dubi kansa a madubi, gefe ɗaya fes, gefe ɗaya furfura a tsaye. "Ɗalibai ne. Ba sa barin mutum ya huta."

"Kai, waɗannan ba su yi kama da ɗalibai ba. Su biyu ne, a mota mai baƙin gilashi. Ɗaya mai tabarau ya zauna nan inda kake, wai in gyara masa gemu, gemun ma babu abin gyarawa a ciki. Sai tambaya. Da wa kake zuwa, kana zagin gwamnati in kana kan kujerar nan, kana da saurin fushi, cikin 'ya'yanka wa ke aikin gwamnati."

"Me ka ce musu?"

"Na ce mutumin kirki ne, ba ruwansa."

"Ba ruwana da me?"

"Da komai, ranka ya daɗe."

Farfesa ya ce ya ƙarasa askin. Injin ya ci gaba da kuka a kan ƙeyarsa.

Duk wanda ya taɓa shiga gwamnati ya san irin wannan mota, Farfesa kuwa ya san ta ta fuska biyu. Can baya, yana malamin kimiyyar siyasa zalla, yana fama da alli da tsohuwar motar da sai an tura, irin mutanen nan sun zaga unguwa suna tambaya a kansa. Ba a daɗe ba aka kira sunansa a rediyo, ya zama mai ba shugaban ƙasa shawara, daga baya aka ɗaga shi minista. Wannan fuska ɗaya ke nan. Ta biyun a kan abokin aikinsa ya gan ta, ministan ayyuka, wani mai dariya kamar zai tsaga bango. Shi ma an je wajen mai askinsa da mai wanke masa mota, tambayoyin iri ɗaya sak. Shi ma an kira sunansa a rediyo, amma bayan an tafi da shi da silifas a ƙafa.

To wannan karon wacce ce? Kujera ko tuhuma?

Abin da ya ƙara ɗaure masa kai shi ne ranar da suka zaɓa. Yau da yamma kwamitin majalisa zai saurari masana a kan ƙudurin dokar da gwamnati ta kawo, wanda zai soke zaɓen shugabannin ƙananan hukumomi, ya mayar da naɗa su hannun shugaban ƙasa. Farfesa ne babban baƙo. A kan wannan batu ya yi digirinsa na uku, a kansa ya rubuta littafin da babu ɗalibin da ke fita daga sashensu bai karanta ba, kuma ko da yake minista bai yarda an taɓa zaɓen nan ba. Tun da aka rushe majalisar ministocinsu ya dawo tsohon ofishinsa, abin da ya rage masa ke nan na tinƙaho: ya shiga gwamnati ya fito da bakinsa. Jawabin yana cikin jakarsa, ya kira dokar da sunanta tun daga shafin farko, wato ƙwace wa talaka ƙuri'arsa.

A sashen, sakatariya ce ta fara tarbarsa. Dattijuwa ce da ta ga zuwan shugabannin sashe da tafiyarsu, ba ta kuma ɗaga kai daga na'urarta don kowa. Yau ta ɗaga.

"Farfesa, baƙinka sun same ka kuwa?"

"Waɗanne baƙi?"

"Masu baƙar mota. Sun ce in ba su takardar tarihin aikinka, da hotonka mai kyau."

Hoto mai kyau! Wani sanyi ya ratsa shi. Ba a neman hoto mai kyau don a kai mutum gaban alƙali.

"Na ba su. Sai mai tabarau ya tambaye ni wace shekara ka gina gidanka, kafin ka zama minista ne ko bayan nan."

Sanyin ya koma inda ya fito. "Kika ce me?"

"Na ce ni takardu nake bugawa, ban taɓa ɗaukar bulo ba."

Ya nufi ofishinsa yana saƙa da warwara. A kan bene ya haɗu da Shugaban Sashe, mutumin da rabonsa da gaishe shi da hannu biyu tun ranar da ya bar gwamnati. Yau har da rusunawa, har da karɓar jaka, har da tambayar ciwon gwiwa. Wannan ya ji wani abu, in ji Farfesa a ransa, mutumin nan hancinsa ya fi na kowa jin ƙanshin muƙami. Bai gama wannan lissafi ba sai ga wani tsohon abokinsa malamin tarihi ya hango shi daga ƙarshen baranda, ya juya da sauri ya shige banɗaki. To shi kuma me ya ji? Ko dai fitsari ne ya matse shi? A shekarunsu hakan ma ba abin mamaki ba ne. Amma da Farfesa ya waiwaya, bai ji ƙarar ruwa ba.

Dakta na jiransa a ofis da kwafin jawabin a cinyarta. Tsohuwar ɗalibarsa ce, shi ya duba mata digirinta na uku, ita ta zaga ƙauyuka ta tattaro bayanan da ke cikin jawabin, sunanta kuma na ƙarƙashin nasa. Ta miƙe ta gaishe shi.

Ya rufe ƙofa, ya ɗauki wayarsa da tata ya jefa su cikin aljihun tebur, kamar yadda ya ga ana yi a fadar gwamnati.

"Wa kika nuna wa takardar nan?"

"Malam?"

"Tambayarki nake yi. Ban da ni da ke, wa ya karanta?"

"Babu kowa."

"Maigidanki fa? Ba a ma'aikatar cikin gida yayansa yake aiki ba?"

Ta dube shi, fuskarta ta canza. "Malam, yau ni kake zargi? Maigidana da kake magana, kwana da kwanaki yana roƙona in cire sunana. Ya ce ƙarin girmana yana gaban hukumar jami'a, kada in ja wa kaina. Har yau ba ma magana sosai a gidan. Na ce masa ba zan cire ba, tun da naka yana sama."

Kunya ta kama shi, amma ba ta kori zargin ba, gefe kawai ta matsa masa. Ai mai leƙen asiri ma haka zai ce. Ya ba ta labarin mai aski da na sakatariya a taƙaice, yana lura da idonta ko zai ga alamar ta riga ta sani.

"To sai me?" in ji ta. "Su yi ta tambaya. Ka ci wani abu ne da kake minista?"

"Ko allura."

"To shi ke nan."

"Ke yarinya ce. Wa ya gaya miki sai ka ci ake kama ka? Na sa hannu a takardun da ban iya ƙirgawa ba. A ɗauko guda a ajiye gaban alƙali, kafin gaskiya ta fito na tsufa a tsare."

"In kuma kujera ce fa?"

Ya yi niyyar ya ce ba ya so, amma bakinsa ya ƙi. Ya dubi silin ɗin ofishin inda ruwan sama ya zana taswira, da fankar da ta daina juyawa tun zamanin wani shugaban jami'ar. Ana ta raɗe-raɗin za a naɗa sabon shugaban hukumar zaɓe. Wa ya fi shi cancanta? Kuma in mutum yana ciki, ai ya fi iya gyara. Haka ya faɗa wa kansa, kamar yadda duk wanda ya taɓa son kujera ya faɗa wa kansa.

"Ɗauko wayoyinmu mu tafi," ya ce.

Dakta ce ke tuƙi, shi yana gefe da jaka a ƙirji. Cunkoso ya riƙe su a bakin kasuwa, masu talla suna buga gilashi. Duk baƙar motar da ta matso sai ya bi ta da kallo a madubin gefe, garin kuwa kamar an yi ruwan baƙaƙen motoci. Wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce, wadda yake kira Sista tun tana aikin jinya, har ta yi ritaya sunan bai sake ta ba.

"Baban yara, kana ina?"

"Hanya."

"Mai kantin magani ya aiko a gaya mini wasu sun je suna tambayar irin maganin da kake sha. Sannan babbar 'yarka ta kira, wai shugaban asibitinsu ya tsayar da ita yau yana tambayarta ya Baba. Mutumin da bai taɓa sanin tana da uba ba!"

"Da fara'a ya tambaya ko da ɗaure fuska?"

"Oho, ina wurin? Ni dai gaya mini, wanne ne a ciki? Na alheri ne ko ɗaya ɗin?"

"Ban sani ba, Sista."

"Kai ɗin? Tun kafin in san ka kake karantar gwamnati, yau ta zo ƙofar gidanka ka ce ba ka gane ta ba?"

"Kada ki yi irin wannan magana a waya."

"Au, har wayar ma?" Muryarta ta yi ƙasa. "Wallahi tsoro nake ji. Allah ya tsare."

Ya kashe. Idon Dakta na kan titi. Shi kuwa kwanyarsa ta kama aiki irin wanda ta saba, tana jera dalilai kamar yana gaban allo. In kujera ce, jawabin nan zai kashe ta tun ba a haife ta ba. In tuhuma ce, jawabin ne zai sa a buɗe fayil gobe da safe, ya shafi 'yarsa, ya shafi gidan da suka gina da kuɗin sallamar Sista. Ta ko'ina ya biyo, wuri ɗaya lissafin ke kai shi, abin kuma ya ba shi haushi, don bai ga inda ya yi kuskure a ciki ba.

Zauren kwamitin ya cika maƙil. 'Yan jarida sun kafa na'urorinsu, 'yan ƙungiyoyi sun zauna a gaba, ɗalibansa kuwa sun cika layukan baya, wasu a tsaye. Da ya shigo suka tafa, har shugaban kwamiti ya buga tebur. A can gefe, kusa da ƙofa, wani mai tabarau da ɗan siririn gemu yana zaune, hannu a harɗe. Da suka haɗa ido ya ɗan sunkuyar da kai cikin ladabi.

Wani lauya ya yi magana, wata shugabar ƙungiyar mata ta yi. Sai aka kira Farfesa, aka karanto muƙamansa tun daga na jami'a har na gwamnati, aka sake tafi.

Ya buɗe jaka ya fito da jawabin, ya shimfiɗa shi a gabansa, ya gyara abin magana. Layin farko na kallonsa. Ya yi gyaran murya, ya kurɓi ruwa, ya sake gyaran murya.

"Mai girma shugaba," ya ce, "wannan batu ne mai fuskoki da dama."

Daga nan fa sai Allah ya buɗe masa baki. Kai, ranar Farfesa ya nuna shi farfesa ne! Ya zaga tarihi, ya leƙa ƙasashen gabas da na yamma, ya kawo ra'ayin masana na da da na yanzu. Zaɓe yana da alfanu, amma yana da tsada. Naɗi yana da haɗari, amma yana da sauri. Dole a yi la'akari da yanayi, a faɗaɗa tuntuɓa, a kafa ƙaramin kwamiti ya zurfafa nazari. Ya yi ta magana mai daɗin ji wadda ba a iya kama ta ta kai ko ta wutsiya. Takardar da ke gabansa ko shafi ɗaya bai juya ba.

Dakta na zaune a bayansa da nata kwafin. Da farko tana bin layi da yatsa tana neman inda yake. Can ta daina nema, ta rufe takardar, ta kife ta a cinya.

Wani ɗan majalisa na ɓangaren adawa ya kasa haƙuri. "Farfesa, gafarta mini, ni ban yi dogon karatu ba. A taƙaice, dokar nan a yi ta ko kada a yi?"

Zauren ya yi tsit. Farfesa bai waiwaya wajen ƙofa ba, amma ya san mai tabarau na nan.

"Wannan," ya ce, "hurumin majalisa ne. Mu namu bayani."

Shugaban kwamiti ya washe baki, ya yaba wa Farfesa da hangen nesa da dattako. A layukan baya babu wanda ya tafa. Ya ji ƙarar kujeru, ɗalibai suna fita ɗaya bayan ɗaya.

Da aka tashi ya nemi Dakta, ya hango ta tana sauka daga bene da sauri. Ya kira ta. Ta tsaya, amma ba ta hawo ba.

"Malam, ka yi haƙuri, zan ɗauko yara daga makaranta. Ka samu tasi."

"Za mu yi magana gobe. Akwai abubuwan da ba ki gane ba."

"Na gane, Malam," ta ce, ta wuce.

Yana tsaye a barandar sai ya ji sallama a bayansa. Mai tabarau ne, ya rusuna har ƙasa, ya karɓi jakar da hannu biyu.

"Malam ba zai gane ni ba. Ɗalibinka ne ni, shekarun baya, kafin ka tafi gwamnati. Can baya nake zama. Yanzu ina ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin siyasa."

"Madalla, madalla." Farfesa ya ƙaƙaro murmushi. Suka taka tare zuwa bakin ƙofa. Ya jira mutumin ya fara, mutumin kuwa sai zancen tsofaffin malamai yake yi, wane ya rasu, wane ya yi ritaya. Da suka kai bakin titi haƙurin Farfesa ya ƙare.

"To, yaushe zan ji?"

"Ji me, Malam?"

"Kun je wajen mai askina. Kun je ofis, kun je kantin magani. Ai ba a banza ba."

"Au, wannan? Ai an gama, Malam. Babu sauran komai."

"Ban gane ba. Maganar hukumar zaɓe ce?"

"A'a, wannan an riga an ba wani tun tuni, sanarwa kawai ta rage."

"To bincike ne?"

"Subhanallahi! Wa zai bincike ka? Ai an duba tun da daɗewa, ba a samu komai ba." Ya matso, ya rage murya, fuskarsa cike da jin daɗin wanda ya yi abin kirki. "Gaskiya da aka ji za ka yi magana yau, hankalin manya ya tashi. Wasu suka ce a yi maka tayin kujera, wasu suka ce a tono tsofaffin fayiloli ko da babu komai a ciki. Ni na hana. Na ce Malamina ne, ba za a ci mutuncinsa da tayi ba, ba kuma za a tozarta shi ba. Na ce a bar ni in zaga in yi 'yan tambayoyi a inda labari zai kai masa. Malam mutum ne mai zurfin tunani, sauran shi zai ƙarasa da kansa."

Farfesa ya zuba masa ido, mutumin kuwa ya ci gaba.

"Kuma ka ga an rabu lafiya, ba wanda ya ji ciwo. Wallahi jawabin ya yi kyau, Malam." Ya ɗaga hannu ya tsayar da tasi, ya buɗe masa ƙofa, ya ajiye jakar a kan kujera, ya sake rusunawa. "A gaida Mama."

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da tasi ta sauke shi. Falo babu kowa, talabijin na ta magana ita kaɗai. Ya wuce ɗaki.

Sista na zaune a bakin gado. A damanta ta shimfiɗa kwat ɗinsa mafi tsada, an goge ta har tana ƙyalli, da takalmin da ya sha mai, irin shigar da ake rantsar da mutum a cikinta. A hagunta kuma ga 'yar ƙaramar jaka a buɗe: maganin hawan jininsa, buroshi, tawul, bargo mara nauyi, da tsofaffin kaya marasa igiya, irin guzurin wanda za a tsare. Idonta ya yi ja. Da gani tun da suka yi waya take wannan aiki.

Ta dube shi, ta dubi bayansa ko akwai wanda ya biyo shi.

"Na rasa wanda zan shirya, sai na shirya duka," ta ce. "Wanne zan mayar?"

Ya zauna a kujerar da ke bakin ƙofa, ya fara kwance igiyar takalminsa.

"Mayar da duka, Sista. Babu mai zuwa."